Shirun da liman ke yi bayan Amin

Ƙanina, saƙonka ya same ni ina shirin kwanciya, ka san awa 7 muke gaba da ku. Na ji an ba ka gurbin karatu, Allah ya sanya albarka. Na zaci kuɗin haya za ka fara tambaya, sai ga ka da maganar da wani ya tsorata ka da ita a majalisa: wai a Malesiya wanda bai karanta Fatiha a bayan liman ba, ba shi da sallah. Kai kuwa a Argungu an koya maka idan liman ya bayyana karatu, mamu ya kama bakinsa.

Magaribata ta farko a Kuala Lumpur, a wani ɗan masallaci na ƙasan benenmu na yi ta, irin wanda suke kira surau. Liman ya fara da Bisimilla a bayyane, ya kai ƙarshen Fatiha, aka ce Amin har rufi ya amsa. Sai ya yi tsit. Na ce a raina sura ta ɓace wa bawan Allah. Har na buɗe baki zan ɗora shi, sai na lura leɓɓan na dama da na hagu duk motsi suke yi. Ashe jira yake mamu su karanta tasu Fatihar. Allah ne ya rufa min asiri ranar.

Mutanen nan Shafi'iyya ne. A wurinsu Fatiha wajibi ce a kan mamu a kowace raka'a, ko sallar asirce ko ta bayyane. Hujjarsu hadisin Ubadatu bin Samit da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa babu sallah ga wanda bai karanta Fatiha ba. Mu kuma abin da muka taso a kai na Imam Malik ne: a Azahar da La'asar ana so ka karanta, a inda liman ya bayyana ka saurara, saboda aya ta 204 a Suratul A'araf ta ce idan ana karanta Alƙur'ani a saurara a yi shiru. Ka kuma sani Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 204 bayan hijira, almajirin Malik ne. Tsohon ra'ayinsa a sallar bayyane irin namu ne, sai da ya koma Masar ya tsaya a kan wajabcin.

Sannan a sahu ɗaya za ka ga leburori 'yan Bangaladash da Pakistan, mafi yawansu Hanafiyya. Su ba sa karanta komai a bayan liman, ko a Azahar, domin a wurinsu karatun liman ya wadatar. Amin ma a ɓoye suke yinta. Shekarun da na yi a nan ban taɓa ganin an tare ɗayansu a ƙofa an ce ya sake sallah ba. Mu ne dai a gida ƙabalu da sadalu ke raba maƙwabta.

Ka ce in faɗa maka yadda nake yi. Idan liman ya yi wannan shirun, ina karanta Fatiha a hankali, tunda ba karatun kowa nake kutsawa ba. Idan ya zarce da sura, sai in saurara, zuciyata a kwance. Wannan zaɓina ne ni ɗalibi, ba fatawa ba ce. Kafin ka taso ka je wurin malamin zauren da ya biya maka Risala ka ji ta bakinsa. Abu ɗaya da mazhabobin huɗu suka haɗu a kai, wanda ya riski liman a ruku'u ya sami raka'ar, ko da bai karanta komai ba.

Abin da zai fi rikita ka ma Asuba ce. Ƙunut ɗin Shafi'iyya bayan ɗagowa daga ruku'u ne a raka'a ta biyu, liman na yi a bayyane, hannuwa a ɗage, mamu na cewa Amin. Kada ka zarce sujada kai kaɗai kamar yadda na taɓa yi. Karatunsu kuma Hafsi ne, kada kunnenka na Warshu ya sa ka ci gyaran liman.

Wani abu kuma da ya fi duk wannan hatsari. A jihohi irin su Selangor, koyar da addini ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, takardar izinin tauliah suke ce mata. Saboda haka kada zafin ƙuruciya ya sa ka miƙe bayan sallama ka ce za ka gyara wa mutane sallarsu.

Ka gaida Inna da Baffa. Idan za ka taho, ka sako min kuka da daddawa a ƙasan jaka, tawa ta ƙare tun azumi.