Filin Tambaya da Amsa: Harhaɗa Ƙananan Samfuran Jiragen Jet na Farko

Tambaya: Salamu alaikum. Na harhaɗa samfurin Gloster E.28/39 na ma'aunin 1/72 (wato jirgin gaske ya ninka shi sau 72 a tsawo), da na dasa shi a kan tayoyinsa sai ya zauna kan wutsiya, hanci a sama. Ina na kuskure?
Wani mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka rufe gangar jikin ba ka sa nauyi a hanci ba. A jirgin gaske, wanda ya fara tashi ranar 15 ga Mayu, 1941 a Cranwell ta Ingila da injin Frank Whittle, nauyin matuƙi, mai da inji ya daidaitu ne gaban manyan tayoyi. Samfurin roba kuwa fanko ne, kuma mafi yawan robar tana bayan tayoyin, shi ya sa yake rinjaya baya.

Wahalar wannan jirgi ita ce hancinsa a buɗe yake, ta nan iska ke shiga ta rabu biyu ta wuce gefen matuƙi, don haka duk abin da ka cusa a baki za a hango shi. Wurin ɓuya yana ƙarƙashin daɓen ɗakin matuƙi da kuma bayan kujera. Ka samu dalma irin ta masunta, ka bubbuga ta ta yi faɗi, ka yanka ƙanana. Kafin gam ya taɓa komai, ka haɗa jiki da fukafukai da wutsiya da salatif, ka ɗora jirgin a kan fensir daidai inda manyan tayoyi za su zauna. Fara da giram 5, kana ƙarawa har hanci ya faɗa gaba, sannan ka daɗa giram ɗaya, domin fenti da foti (abin cike rata) za su ƙara nauyi a baya. Kar ka zarce, siraran ƙafafun za su lanƙwashe. Ka manne dalmar da gam mai haɗi biyu irin Araldite, ban da gam ɗin roba, wanda idan ya taru a rufaffen wuri yake narkar da hancin daga ciki. Ka wanke hannu bayan taɓa dalma.

Shi wanda ka riga ka rufe, ka zura ƙananan dalma ta ramin tayar gaba, ko ka manne tayoyin uku a kan ɗan katako. Samfuran Heinkel He 280 da Bell XP-59A ma suna bukatar nauyi a hanci. Heinkel He 178 kam ba ya bukata, tayarsa ta uku a wutsiya take.

Tambaya: An kawo mini samfurin He 178 na kamfanin Special Hobby. Ɓangarorin ba su da ƴan ƙusoshin da ke shiga rami, kuma wasu sun ƙi kama gam. Jabu ne?
Wata mai karatu daga Maradi

Amsa: Ba jabu ba ne, Malama. Jiragen gwaji ba su da kasuwa kamar shahararren jirgin yaƙin nan Spitfire, don haka ƙananan kamfanoni ke buga su kaɗan-kaɗan, aikin daidaitawa kuma ya rage ga mai harhaɗawa. Ki wanke komai da ruwa mai ɗumi da sabulu don cire maiƙon ma'aikata. Ki manna samfefa mai lamba 400 a kan gilashi, ki goga bakin kowane rabin jiki a kai a hankali har su haɗu ba rata. Ki manna ƴan yankan roba a cikin rabi ɗaya su zama madogara. Fiffike kuma ki huda shi ki sa guntun waya, in ba haka ba ranar da aka ɗaga jirgin ta nan zai ɓalle.

Waɗanda suka ƙi gam ɗin da rezin aka yi su, wani sinadari daban da robar sauran, sufa gulu kaɗai ke kama su. Idan za ki goge su ki jiƙa samfefar, ƙurarsu ba ta da kyau ga huhu. Amma kar sufa gulu ya kusanci gilashin matuƙi, tururinsa na bar masa farin hazo. Farin gam na kafintoci ya isa.

Akwai gwaji mai sauƙi: faɗin fukafukan jirgin gaske mita 7.2 ne, a 1/72 ya kamata ki samu santimita 10 cif. Launi kuwa daga hotuna marasa kala ake ɗauko shi, domin ainihin He 178 ɗin da Erich Warsitz ya tuƙa ranar 27 ga Agusta, 1939 ya hallaka a harin bama-bamai a Balin a 1943. Jikinsa ƙarfe ne, fukafukan katako, bai kamata su yi ƙyalli iri ɗaya ba.

Tambaya: Sitikun da ake jiƙawa a ruwa suna yin fari-fari a gefe, fentina kuma yana bushewa da gurzi-gurzi.
Wani mai karatu daga Katsina

Amsa: Matsalar biyu uwarsu ɗaya. A zafi ko lokacin hunturu, fenti yakan bushe kafin ya kwanta, sai fuskar ta yi kaushi, iska ta maƙale ƙarƙashin sitika. Ka yi fenti da sassafe, ka tsarma shi rabi da rabi da tina idan fesawa za ka yi, ka yi shafi uku marasa kauri, ka kife kwano a kai saboda ƙura. Bayan awa 24 ka shafa banish mai sheƙi, a kansa ake ɗora sitika. Daƙiƙa 10 zuwa 15 a ruwa mai ɗumi sun isa, ka danne da auduga daga tsakiya zuwa gefe. Idan Gloster ne, fentin ruwan ɗorawa na ƙasan jikinsa ba ya rufe roba da kansa, sai ka fara sa farin fenti a ƙasa. Tsofaffin sitikun kwalin kamfanin Frog kuma, ka shafa musu banish tun suna kan takarda, in ba haka ba za su wargaje a ruwa.