Tambaya da Amsa: An ba mu ƙasa kyauta, mu zuba a lambu?

Tambaya: Mu maƙwabta ne da muka haɗu muna kula da lambun unguwa. An kawo mana kyautar ƙasa mota guda da tarin ɓarɓashin itace na rufe fangali. Wasu sun ce a baza nan take, wasu sun ce a dakata. Ina mafita? — Wata mai karatu

Amsa: Malama, masu cewa a dakata su ne da gaskiya. Ƙasa in ta shiga fangali, fitar da ita sai an sha wuya. Ku fara tambayar daga ina aka kwaso ta. In daga gindin tsohon gini mai fenti ne, ko bakin babban titi, ko wurin gyaran mota, ana tsoron dalma da baƙin mai. Ido ba ya ganin dalma, sai gwajin ɗakin bincike. Kafin a gwada, irin wannan ƙasa ta furanni ce, ba ta abin da za a ci ba.

Gwaji biyu kuwa kuna iya yi da kanku. Ku zuba ƙasar a kwalba zuwa kashi ɗaya cikin uku, ku cika da ruwa, ku girgiza sosai, ku ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti 1 ko 2, laka kuwa sai ta kwana ɗaya ko biyu. In yashi ya rinjaya ba za ta riƙe ruwa ba, in laka ce za ta daskare. Maganin duka biyun ruɓaɓɓen taki ne.

Na biyun ya fi muhimmanci, musamman in ƙasar na haɗe da kashin dabbobi. Wasu magungunan kashe ciyawa, irin su aminopyralid, suna ratsa cikin dabbar da ta ci ciyawar da aka fesa, su fito a kashinta da ƙarfinsu. Ku shuka wake a tukwane 3 na sabuwar ƙasar, da 3 na ƙasar da kuka amince da ita. Bayan mako 3 ku duba sabon ganye. In ya nannaɗe kamar cokali, ya ƙanƙance, alhali na ɗaya ɓangaren ya buɗe sarai, to kada ta kusanci wake ko tumatir. Tukwanen nan kuma za su tona asirin irin ciyawar da ke ɓoye ciki.

Ɓarɓashin itace a sama ake shimfiɗa shi, kaurin santimita 5 zuwa 8, bayan an cire ciyawa an jiƙa ƙasa. Tarin da ya kai mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi, wato lita 1,000, yana rufe murabba'in mita 20 a kaurin santimita 5. Kuskuren da masu taimako suka fi yi shi ne su cuɗa shi cikin ƙasa da fartanya: ƙwayoyin da ke ruɓar da itacen sai su janye naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, ganye ya koma rawaya. Kada kuma a tara shi a jikin kara. A bar tazarar yatsu huɗu, in ba haka ba danshi zai ruɓar da gindin. Ku sansana tarin tukuna. In yana warin tsami, ya rasa iska ne, yana iya ƙona ƙananan shuka. A baza shi a fili ya sha iska kwana 2 ko 3.

Batun ban ruwa, rufin yana ruɗin mutane: sama ya bushe ƙayau, ƙasa kuwa jiƙe take, kowa ya zo sai ya ƙara. Ku kafa allon da mai ban ruwa zai rubuta rana, kuma kowa ya ture rufin ya cusa yatsa zuwa gaɓa ta biyu kafin ya ɗauki bokiti.