Hukuncin cin abinci a jirgin ruwan yawon buɗe ido da ake zuba giya a tebur

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ɗana ne ya biya mana ni da mahaifiyarsa tikitin jirgin ruwa na yawon buɗe ido a kogin Rhine da ke Turai, kwana 7 daga Amsterdam zuwa Basel, a cikin jirgin ake kwana a ciki ake cin abinci sau uku, kuma yace kuɗin abincin yana cikin tikitin har da giyar da suke zubawa rana da dare. Malam ni dai hankalina bai kwanta ba, naman nasu ya halatta? kuma ya za mu yi da zama cikin masu sha? ko dai muce masa ya karɓo kuɗinsa kawai.

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yiwa yaron nan albarka Alhaji, kada ka yi saurin ce masa ya karɓo kuɗi, tafiyar a kan kanta ba haramun bace, abubuwan da ke cikinta ne za mu rarrabe.

Kifi dai ka ci hankalinka kwance. Allah yace a suratul Ma'ida aya ta 96 an halatta muku farautar ruwa da abincinsa, kuma a hadisin Abu Huraira da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa Annabi (SAW) yace game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa halal ne. Wani zai ce ai teku aka ce ba kogi ba, toh ya duba suratu Faɗir aya ta 12, Allah ya ambaci ruwa biyu, mai daɗi da mai zartsi, sannan yace daga kowanne kuna cin nama sabo. Kifi baya buƙatar yanka balle a tambayi wa ya yanka. Jatan lande da ƙaguwa da makamantansu halal ne wajen Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya, Hanafiyya ne suka tsaya a kan kifi kaɗai. Ƙwai, burodi, shinkafa, dankali, taliya, ganye, 'ya'yan itace duk asalinsu halal ne sai in an haɗa da wani abu.

Naman sa da rago da kaza kuma nan ne malamai suka yi magana. Aya ta 5 a Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi kuma Ibn Abbas ya fassara shi da yankansu, wannan babu ja. Amma aya ta 3 a surar ta haramta wadda aka shaƙe da wadda aka buge ta mutu, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2009 ta wajabta a sumar da dabba kafin yanka sai dai yankan addini da aka togace, sa ana harba masa wani ƙarfe a goshi, kaji kuma lantarki a ruwa ko iskar gas, kuma masu gas ɗin da yawa sun riga sun mutu kafin wuƙa ta iso su. Ga shi ba ka san ma mai yankan ba ko Kirista ne ko wanda bai yarda da Allah ba kwata kwata. Na sani Alƙali Ibnul Arabi Bamalike da ya rasu shekara ta 543 bayan hijira ya sauƙaƙa har a kazar da Banasare ya murɗewa wuya in dai abincin malamansu ne, wasu malaman zamani ma sun bi shi, amma jumhuru basu tafi a kai ba, ni ma ba ita nake ba da fatawa da ita ba. Masu kafa hujja da hadisin Nana A'isha na "ku ambaci sunan Allah ku ci" su tuna mutanen da suke kawo naman a hadisin musulmi ne sababbin shiga musulunci, shakkar bismillah ce kawai, ba shakkar an yanka ko ba a yanka ba.

Kuma kada wani ya ce maka ai lalura ce. Wace lalura? jirgin kogi ba irin na teku bane da za a yi kwanaki ba a ga ƙasa ba, kusan kullum sai ya tsaya a gari, Cologne, Koblenz, Strasbourg, kuma Cologne ɗin nan Turkawa musulmi sun cika ta, ga babban masallaci a unguwar Ehrenfeld ga gidajen abincin halal, in kwaɗayin nama ya taso ka sauka ka ci ka dawo. Wanda kifi ke gabansa kullum bai isa ya kira kansa mai lalura ba.

Abin da yafi damuna ma ba naman bane, teburin ne. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) yace wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagaya giya a kansa. Irin waɗannan jiragen ƙanana ne saboda dole su shige ƙofofin dam na kogin, fasinja basu cika kai 200 ba, ɗakin cin abinci yawanci guda ɗaya ne lokacin abincin dare ma ɗaya, kowa ya zauna inda ya samu, tebur na mutum huɗu ko shida ko fiye, kenan in baka yi shiri ba sai ka tsinci kanka kai da Hajiya tsakanin mutane kowa da kofin giya a hannu weta yana zagayawa yana ƙarawa. Wannan shine ainihin abin da hadisin ya hana, ko baka sha ba. An ruwaito an kawowa Umar bin Abdul'aziz mashaya aka ce masa akwai mai azumi a cikinsu, yace da shi za a fara bulalar, ya karanta aya ta 140 a suratun Nisa'i. Amma ka lura lafazin hadisin tebur yace, in kuna kan teburinku ku biyu babu giya a kai, wasu can suna nasu, toh baku shiga wannan hanin ba in sha Allah, kamar dai mutum a jirgin sama ne ana miƙawa wasu. Don haka ranar farko kafin a fara komai ka nemi shugaban wetoci kace tebur na mutum biyu kuke so kullum kuma a kwashe kofunan giyar, ku riƙa zuwa da wuri tunda irin teburan basu da yawa. In ranar ba a samu ba ku nemi a baku abincin ku ci a ɗaki ko a saman jirgi, wasu jiragen ma suna da ƙaramin wajen cin abinci daban. In ɗaya daga cikin fasinjoji ya zo ya zauna da kofinsa sai ka yi masa bayani cikin fara'a, yawancinsu suna fahimta.

Batun kuɗin giya da ke cikin tikiti, cinikin an ƙulla shi ne a kan tafiya da ɗaki da abinci, giyar biyowa tayi ba ita aka nufa ba, kuma malaman fiƙihu suna cewa ana rangwame a mabiyi abin da ba a yi a wanda aka nufa. Da tun farko aka tambaye ni zan ce a nemi tikitin da babu ita in akwai, tunda an riga an biya shikenan. Sai dai kada kace tunda na biya bari in barwa maƙwabcina kasona, wannan kyautar giya ce kuma haramun ce.

Saura ɓoyayyun abubuwa, kuma a nan mutane suka fi faɗawa. Turawa suna girki da giya sosai, har miyar da ake zubawa kan kifi sau da yawa da farar giya ake haɗa ta, kuma maganar wai wuta tana ƙone ta duka ba gaskiya bace, wani kaso yana saura, ballantana a mazhabar da take ganin giya najasa ce ta riga ta ɓata tukunyar. Kace a gasa maka kifin da man shanu ko man zaitun da lemon tsami kawai. Miyar ganye ma ka tambaya da romon me aka yi, suna jefa ƴan gutsattsarin naman alade a dankali da kabeji don ƙamshi. Kek ɗin Black Forest da giyar ceri ake jiƙa shi, gahawar Rüdesheim da za a yi ta tallata muku in kun isa garin akwai giyar barandi a ciki, alewa mai danƙo da wasu kayan zaƙi kuma gelatin ɗinsu galibi na alade ne. Wajen karin safe da kowa ke ɗiba da kansa ka kula da cokalin ɗiba, ana ɗaukar na tsiran alade a tsoma a ƙwai. Faranti da cokali da aka wanke babu komai, hadisin Abu Sa'alaba a Bukhari da Muslim yace in baku samu wasu ba ku wanke ku ci a ciki.

Ka cewa yaron ya rubutawa kamfanin tun yanzu kafin tafiya, yace kifi da ganye kawai kuke ci, banda alade banda giya ko a cikin girki, don kicin ɗin jirgi ƙarami ne da lissafi suke sayen kaya, in suka sani da wuri sun fi iya shiryawa.

Wallahu a'alam.