Amsa ga ƴar'uwar da ɗiyarta ke fama da ƙarancin jini

Assalamu alaikum ƴar'uwa. Na ga tambayarki kan ɗiyarki mai shekara 14 da aka gwada jininta ya nuna 11, kina son sanin ko abinci kaɗai zai ishe ta. Abin ya taɓa samun tawa nan Tahoua, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ga budurwa, ƙasa da 12 ne ake kira ƙarancin jini, don haka nata da sauƙi, ki kwantar da hankalinki. Tawa da kasala ta fara. Ta dawo daga lakwal ta zube bisa tabarma, ko hijabi ba ta cirewa. Na ja fatar idonta ƙasa, cikin ya yi fari fat. Ashe jinin al'ada ke yi mata yawa, kunya ta hana ta faɗa. Ki ja taki ɗaki ki tambaye ta a hankali.

Hanta ce ta fi yi mana aiki, sau ɗaya a mako, don sinadarin ƙarfe (wanda jiki ke haɗa jini da shi) da ke cikin hanta, nama da kifi ya fi na ganye shiga jiki. Sauran ranaku wake, dambun zogala, miyar kuka, da soyayyar fara in lokacinta ne.

Inda na daɗe ina kuskure kuwa, shayi. Gidanmu ana ɗauke kwanon tuwo ake ɗora buta, ita ma sai an zuba mata. Shayi na hana jiki tsotsar ƙarfen abinci, madara ma na rage shi. Sai na sa tazarar awa biyu tsakani, hura da nono kuma na mai da su hantsi. A maimakonsu nake matsa lemun tsami bisa zogala da wake, ko in ba ta gwaba, saboda bitamin C na taimaka wa ƙarfen ganye. Kada kuma jan launin soɓo ya ruɗe ki, launi ba jini ba ne.

Amma fa in akwai tsutsar ciki ko zazzaɓin cizon sauro, kina zubawa ne yana yoyo. Ki koma asibiti a duba, har da gwajin sikila in ba a taɓa yi ba. In likita ya rubuta ƙwayar ƙarin jini ta sha ta ƙare, ko da bayan gida ya yi baƙi, haka take yi. Mu bayan wata 3 muka sake gwaji, ta haura 12.

Allah ya ba ta lafiya.