Amsa: Daga ina sunan T Tauri ya fito?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko T ɗin harafin farko ne na sunan wanda ya gano tauraron. A'a. John Russell Hind ne ya gano shi a Landan a 1852, ka ga babu T a sunansa.

Tsarin raɗa sunan na Friedrich Argelander ne, masanin taurari ɗan Jamus. Duk tauraron da haskensa ke ƙaruwa yana raguwa, sai a ba shi harafi daga R zuwa Z, a haɗa da sunan rukunin taurarin da yake ciki. Na farko R, na biyu S, na uku T. Tauri kuwa daga Taurus, wato Bijimi, rukunin da Kaza da 'ya'yanta take ciki. Haruffa sun ƙare, aka koma RR, RS, har sunaye 334, sannan lamba.

Abin da ke burge ni shi ne, lokacin raɗa sunan ba a san cewa jaririn tauraro ne ba, yana lulluɓe da ƙura da iskar da suka haife shi. Sai a 1945 Alfred Joy, masanin taurari ɗan Amurka, ya tara ire-irensa ya kira su da sunan T Tauri. Ranarmu ma ta bi ta wannan matakin.