Taka-tsantsan ko kasada a farkon wasan ƙwallon Amurka?

Malam, ka tambaya ko koci ya fara wasa da taka-tsantsan ko ya yi kasada. A ganina, inda ƙwallo take shi ne alƙali. In yunƙuri na huɗu ne, wato na ƙarshe da ƙungiya ke da shi don ci gaba da yadi goma, saura yadi ɗaya, kuna ɓangaren abokan hamayya, a gwada. Ko an gaza, lokaci na nan. Haka Doug Pederson, kocin Eagles a lokacin, ya yi a Super Bowl (wasan ƙarshe na gasar) na 2018 dab da hutun rabin lokaci, Eagles suka doke Patriots 41-33. Amma in ƙwallo tana kusa da gidanku, wato ƙarshen filin da kuke karewa, a buga ta nesa kawai.

Kuskuren 'yan kallo shi ne auna shawarar koci da sakamakon wasa ɗaya. Ainihin lissafin kuwa, sai masu nazarin alƙaluma.