Matsakaicin da na fitar ya saɓa da na kwamfuta, wanne ne daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da lissafin wani kantin magani mai rassa biyu. Na fitar da matsakaicin cinikin kowane reshe da AVG, umarnin kwamfuta na fitar da matsakaici, na haɗa su na raba biyu. Da na sa AVG a kan teburin gaba ɗaya, sai ya ba ni wani adadi daban. Wanne zan kai wa maigidan shago? Daga Hadiza, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama Hadiza. Na kwamfutar za ki kai masa, kuma ina so ki ga dalili da idonki.

A ce reshen farko ya yi ciniki 2, matsakaicinsu naira 1,000. Na biyu ya yi ciniki 8, matsakaicinsu naira 6,000. Lissafinki zai ba da 3,500. Amma kuɗin da ya shiga aljihu 2,000 ne da 48,000, wato 50,000 a ciniki 10. Matsakaicin gaskiya 5,000 ke nan. Kin ba wa ciniki biyu nauyi ɗaya da takwas.

Injin da ke amsa tambayoyin SQL, wato yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, ba ya faɗawa wannan ramin, saboda yadda aka gina shi. Idan ya ga SUM (jimla) ko COUNT (ƙirge) ko AVG, yakan buɗe ɗan ma'aji da ake kira akumuleta, yana bin layuka yana sabunta abin da ke ciki, kamar mai ƙirgar buhuna a bakin sito da ke ƙara alama a littafinsa duk buhun da ya wuce. Na MAX babbar lambar da ya gani kawai yake riƙewa. Na AVG kuwa abu biyu yake ajiyewa, jimla da adadi, kuma ba ya rabawa sai layin ƙarshe ya wuce. In kin sa GROUP BY, umarnin kasa layuka rukuni-rukuni, kowane reshe da nasa ma'ajin.

Wannan tsarin yana burge ni ƙwarai, domin shi ne ya sa ake iya rarraba aiki. PostgreSQL, wani injin rumbun bayanai, tun fitowar sigarsa ta 9.6 a 2016, yana iya kasa babban tebur wa ƙananan shirye-shirye da yawa masu aiki tare a cikin na'ura. Kowanne ya dawo da jimlarsa da adadinsa, a haɗa jimla da jimla, adadi da adadi, sannan a raba sau ɗaya tak. Apache DataFusion, wani injin SQL, ma haka yake yi.

Ba kowane lissafi ke da wannan sauƙin ba. COUNT DISTINCT, mai ƙirga abubuwa ba tare da maimaici ba, dole ya tuna duk abin da ya riga ya gani, shi ya sa yake cin ma'adanar kwamfuta.

Don Allah ki duba wani abu kafin ki miƙa rahoton. AVG yana tsallake layin da aka bar gurbin kuɗinsa babu komai, wato NULL, amma yana ƙirga sifili. In yaran shago suna rubuta 0 ga maganin da aka mayar, matsakaicinki zai sauka. Daga yau ki riƙa ajiye jimla da adadin cinikin kowane reshe, rabawar ki bar ta sai ƙarshe.